Kwanta Abinki

Ni ba mutumin ruwa ba ne. A tafkin bayan garinmu, can ƙasar Damagaram, na koyi iyo ina yaro, tsakanin jakuna da masu wanki, kuma tun da na zo Jidda da ƙuruciyata ban taɓa shiga teku ya wuce mini gwiwa ba. Shekara da shekaru ina hango shi ta gilashin mota, shuɗi, a shimfiɗe, ba ruwana da shi. 'Yata ce ta ja ni ciki, bayan furfura ta gama cinye mini gemu.

Ita kaɗai Allah ya ba mu, bayan mun daɗe muna jira. A unguwar Karantina aka haife ta, a can ta yi wayo. Karatu da Larabci, ƙawaye da Larabci, ina jin ko mafarki da Larabci take yi. Hausa kuwa tana ji sarai, ko raɗa ka yi sai ta tsince ka, amma ba ta mayarwa. Ka ce mata, "Kin dawo?" ta ce, "Aiwa, Abuya." Ka aike ta da Hausa, ta je ta dawo ta kawo maka bayani da Larabci. Tana ƙarama takan ɗan taɓa. Sai wata shekara wasu baƙi 'yan Umra daga gida suka sauka wurinmu, ta durƙusa ta gaishe su, suka bushe da dariya suna kwaikwayon bakinta. Daga ranar ta kulle shi.

Da mahaifiyarta na da rai abin bai dame ni sosai ba, don ina da abokiyar hira. To sai aka rushe Karantina, muka koma wani bene kusa da shagona a Sharafiyya, kuma shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa. Gidan ya yi shiru. In yi magana da Hausa, a amsa mini da ladabi da wani harshe, in ji kamar baƙo ne ni a ɗakina. Ana cikin haka yarinyar nan ta samu aikin koyar da nutso a wani sabon wurin shaƙatawa can arewa, bakin teku, tafiyar yini guda a mota. Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce ɗaya ba, in ji 'yata ta yi mini magana da harshen uwarta kafin ta tafi. Ban taɓa roƙonta ba. Uba ya roƙi 'yarsa magana? Haba.

Ita ta kawo shawarar tafiyar. Ta ce akwai jirgin ruwa da ke tashi daga Abhur, arewacin Jidda, a ciki ake kwana, a ciki ake ci, a yi 'yan kwanaki ana yawo kan duwatsun murjani ana nutso, kuma tana so in ga irin aikin da take yi kafin ta bar gari. Na ce ni? Da girmana in sa rigar roba? Ta ce, "Yalla, Abuya," ta kafe ni da ido irin na uwarta, sai na ce to. Ta kai ni likita ya ƙwanƙwasa mini ƙirji ya ce babu laifi. Sannan ta yi ta jigilata zuwa wani kwamin wanka a Abhur duk ranar da na rufe shago, tana koya mini shaƙar iska ta tiyo, da fitar da ruwa daga gilashin fuska, da maganar hannu, tunda a ƙarƙashin ruwa baki ba ya aiki. Ka haɗa babban yatsa da manuni ka yi zobe, lafiya lau ke nan. Ka ɗaga babban yatsa sama, ba yabo ba ne, mu hau ke nan. Ka miƙa tafin hannu, yatsu a haɗe kamar ɗan sandan kan titi, tsaya ke nan.

Jirgin fari ne, hawa biyu, ɗakunan kwanansa a ƙasa, kowanne bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Muka fita da safe ta mashigin Abhur, manyan gidaje na wucewa dama da hagu, har ruwan ya buɗe, Jidda ta yi ta ƙanƙancewa ta koma wani farin hazo. Akwai baƙi iri-iri, amma ni da mutum ɗaya na saba, kukun jirgin. Ina tsaye ina ƙunƙuni da Hausa kan yadda cikina ke juyawa, sai na ji daga tagar madafa an ce, "Sannu, Alhaji. Tauna citta." Ashe Bahaushen Sudan ne, dattijo sa'ana, Hausarsa irin ta kakanni, mai nauyi. Da shi nake salla. In an ɗaure jirgi iska takan yi ta juya shi a hankali, sai mu tayar muna duban gabas, mu sallame muna duban yamma. Ya ce kada in damu, garinsu ne a can yamman, mutanen kirki ne.

Ran farko aka ɗaure ni tamau. Rigar roba, tukunyar iska a baya, wata falmaran da ake hura wa iska, takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Ƙaramin kwalekwale mai inji ya kai mu kan dutsen. Na dafe gilashina, na yi bisimilla, na faɗa da baya.

Da muka sauka ƙasa duniya ta yi tsit. Ba hon ɗin mota, ba mai taya kaya, ba ƙugin injin sanyi. Numfashina kaɗai nake ji, in ja, in saki, kumfa ta tashi tana ƙyalli har ta ɓace. Nauyin da na goyo ya tafi. Ciwon gwiwar da ya hana ni zaman tahiya ya tafi. Ga ni a rataye, ba sama ba ƙasa, hasken rana na saukowa zare-zare yana lilo a kan hannuwana. Na tuna mafarkin da nakan yi ina yaro, wai ina tashi bisa rufin gidajen garinmu ba fuffuke. Ashe ba ƙarya mafarkin ya yi mini ba, wurin ne kawai bai faɗa daidai ba.

Ni murjani a wuyan mata na san shi, ja, a zare, ana ɓoye shi a kwalla sai ranar biki. Ashe abu ne mai rai, ashe gari ne guda. Wani ya yi rassa, wani ya baje kamar faifai, wani mai laushi ne yana rausaya duk inda ruwa ya kaɗa shi. Ƙananan kifaye jajaye sun taru a kansa kamar an watsa barkono, in ka matso su shige gaba ɗaya, in ka ja da baya su fito gaba ɗaya. Kifin harid da nake saye a kasuwa a mace, idonsa fari fat, ga shi nan da ransa, kore da shuɗi, yana gutsurar dutse har ina jin ƙaras-ƙaras. Wallahi kunyarsa na ji. Wata kififiya ta zo ta wuce mu ba gaggawa, ta dube ni da ido ɗaya, ta ci gaba da harkarta.

A nan na ga 'yata sosai. A tudu yarinya ce mai sanyi, kanta a ƙasa. A ruwa kuwa ko motsin banza ba ta yi, hannuwanta a naɗe a ƙirji, tana tafiya kamar ruwan ne ke ɗauke da ita don son ransa. Ta juyo ta yi mini zobe da yatsu. Na yi mata zobe. Ita ba Larabci, ni ba Hausa. Rabon da in faɗa mata abu ta mayar mini da irinsa har na manta.

Kashegari aka yi abin. Muna bin gefen dutsen na ga wani kifi a ƙarƙashin wani ɗan kogo, ya baza gashi ja da fari kamar talotalo, ko gezau ba ya yi. Ya burge ni. Na miƙa hannu in ɗan shafa shi. Sai ga tafin hannu a gaban fuskata, a buɗe, yatsu biyar a baje, an turo mini shi da ƙarfi har sau biyu.

Daƙuwa. Daƙuwa tsagwaronta, daga 'yar da na haifa.

Na san an koya mini alamar tsayawa, amma ba da yatsu a baje aka koya mini ba, kuma jini ba ya jiran tunani. Kaina ya ɗau zafi cikin ruwan sanyi. Na ɗaga mata babban yatsa, mu hau. Ta bi ni muka hau a hankali yadda doka ta ce, ina huci, kumfa na fita ta ko'ina. Ko gama hawa kwalekwale ban yi ba na tofar da tiyon.

"Ni kika yi wa daƙuwa? Ni? Uwata da ke kabari me ta yi miki?"

Ta cire gilashinta ta dube ni, ruwa na ɗiga daga ɗankwalin robar da ke kanta. Da Larabci ta ce kifin nan ƙayoyinsa dafi ne, da na taɓa shi da yanzu hannuna ya kumbura ya kai tulu. Sannan ta ce, "Esh ya'ani daƙuwa, Abuya?" Wai mene ne daƙuwa.

Muka koma babban jirgi. Kuku ya ga fuskata ya tambaya, ita ta ba shi labari, ta kuma baje masa yatsun don ya ga yadda ta yi. Mutumin nan ya yi dariya har ya zauna a kan buhun albasa yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya yi mata bayani da Larabci, cewa a wurinmu in ka yi wa mutum haka uwarsa ka zaga. Yarinyar ta dafe baki. Ta zo da sauri ta sumbaci kaina yadda 'ya'yan nan ƙasar ke yi, tana ta ba ni haƙuri.

Na ce ya wuce, amma bai wuce ba. Ba daƙuwar ce ta kwantar da ni ba kuma. Rashin saninta ne. A garinmu yaron da ko wando bai fara sawa ba ya san daƙuwa. Ni 'yata ko zagi ba ta iya da Hausa ba, ina ga hira? Na ƙi shiga nutson la'asar, na hau saman jirgi na zauna ni kaɗai. Teku ya kwanta lumui, ba ka gane inda ya ƙare sama ta fara. Kifayen nan masu tsalle da ake kira Abu Salama suka zo suka yi ta kewaya jirgin suna huci, baƙi na ihu suna ɗaukar hoto, ni ko a jikina. Kuku ya hawo mini da shayi. Ya ce nasa jikokin ko ji ba sa yi, in gode wa Allah tawa tana ji. Na ce ji kaɗai ba ya yin hira. Ya ce, "Kai dai Alhaji akwai rigima," ya sauka ya bar ni.

Safiyar ranar komawa ta zo ta tsaya a kaina da gilashina a hannu, ta miƙo mini. Na karɓa. Ba na so mu rabu ina kumbure-kumbure kamar ƙaramin yaro.

Wurin da aka kai mu ranar daban yake. Dutsen ya tsattsage ya yi lunguna, farin yashi a ƙasa, bango dama da hagu, ko'ina ƙofofi. Muka shiga wani lungu, ita a gaba kaɗan, ni a baya. Kowane kifi da ƙofarsa. Wani ƙarami ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa, sak wata maƙwabciyarmu da ba a wucewa ba ta gani ba. Wani ƙaton kifin najil ya zauna a bakin raminsa, leɓe a sake, kamar tsohon da ke sayar da goro a bakin masallacinmu. Lungun ya karkata hagu, ya ƙuntace, ya sake buɗewa, kuma ƙafata ta san wannan karkatar. Karantina ce. Ban ce ta yi kama da ita ba, a lokacin ita ce, an ɗauke ta cak an ajiye a ƙarƙashin ruwa ba abin da ya fashe, an wanke ta, an kunna mata haske. Na tabbata in na sha kwanar gaba zan ga ƙofarmu a buɗe, da maiɗakina a kan tabarma tana tsince shinkafa.

Na sha kwanar. Ba komai sai shuɗin ruwa, ba iyaka.

Ban san ana kuka a ƙarƙashin ruwa ba sai ranar. Hanci ya toshe, gilashi ya yi hazo, na kai hannu in gyara na ɗage shi fiye da kima. Ruwan gishiri ya cika mini ido da hanci. Na shaƙa, na ƙware, duk abin da aka koya mini a kwamin Abhur ya bi iska. Ƙafafuna suka fara harbi, sama kawai nake nema. Sai na ji an damƙi falmaran ɗina ta ƙirji. Hannu ɗaya ya riƙe ni, ɗaya ya danne tiyon a bakina kada in tofar. Haka ta hau da ni, sannu-sannu, ina fizga tana riƙewa.

Da muka ɓullo sama abin ya ƙara lalacewa. Iska ta taso, ruwa ya ja mu nesa, jirgin ya koma ɗan mitsitsi, in igiyar ruwa ta ɗaga mu in gan shi, in ta sauke mu ya ɓace. Na tofar da tiyon, igiya ta mare ni a baki, na haɗiya, na sake ƙwarewa. Ta hura mini falmaran ta cika, ba yadda za a yi in nutse, amma wa zai gaya mini? Na rarumo ta ina neman hawa kanta, ina danna 'yata cikin ruwa da hannuna. Tana ta yi mini magana da ƙarfi, ina ganin bakinta na motsi, amma Larabcin da na yi shekaru ina ciniki da shi, ina faɗa da shi, ina neman takardar zama ta iƙama da shi, ya gudu ya bar ni. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kaina.

Sai ta zame ta zagaya bayana, ta sa hannu ta tallafo mini ƙeya, ta kawo bakinta daidai kunnena.

"Kwanta. Kwanta abinki. Kada ki ji tsoro, ina riƙe da ke."

Jikina ya saki tun kafin hankalina ya gane abin da na ji.

"Yi shiru, uwata. Ya wuce. Kwanta abinki."

Na kwanta. Ruwa ya ɗauke ni, kaina a kafaɗarta, fuskata na duban sama. Na san maganar nan, na san har inda muryar ke sauka. Shekarar da ƙyanda ta kama yarinyar nan, zazzaɓi na sa ta firgita tana fizge-fizge, haka mahaifiyarta ke rungume ta a ɗakinmu na Karantina tana faɗa mata, ni ina tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa ban san abin yi ba. Sunan mahaifiyar maiɗakina muka sa mata, shi ya sa take ce mata uwata. Ga shi yau an ce da ni uwata, da gemuna, a tsakiyar Bahar Maliya.

Ba ta daina ba. "Kin gaji ko? Sannu. Rufe idonki. Ga jirgi nan zuwa." Kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya, da ɗan nauyin harshen Larabawa, kuma duk na mace ne. A nan na gane. Hausar da ke cikinta duka wadda aka yi mata ce. Ba ta taɓa yi wa kowa ba balle ta juya ta. Yadda uwarta ta zuba mata, haka ta ajiye, haka ta miƙo mini.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, kuma ban ƙi ya daɗe ba. Igiya ta ɗaga mu ta sauke. Wani farin tsuntsu ya tsaya cak a samanmu yana kallo. Gishiri na ƙona mini ido, hawaye na bin kunnuwana suna komawa teku, ni kuwa ina kwance ina sauraron matata da 'yata a murya ɗaya. Da na ji ƙarar injin kwalekwale sai da na ji haushinsa.

A babban jirgi aka lulluɓe ni da tawul aka zaunar da ni a inuwa. Kuku ya kawo shayi mai citta. Ita ta karɓa daga hannunsa, ta durƙusa a gabana, ta yi jim tana haɗa maganar a ranta. Yanzu ba tsoro, ba igiya, ba abin da ya tilasta ta.

"Baba," ta ce, "kin sha ruwa da yawa. Sha shayi."

Na ga gefen bakin kuku ya fara rawa. Na ɗago na yi masa wani kallo, irin wanda ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Dattijon nan ya haɗiye dariyarsa, ya ce ai ya bar tukunya a wuta, ya juya. Amma ta gani. Ta sunkuyar da kai, ta tambaye ni a hankali da Larabci ko ta yi kuskure ne.

Na ce, "Wane kuskure? Ƙara faɗa in ji."

Yanzu tana can arewa tana koya wa mutane nutso. Kullum da safe, ina buɗe shago, wayata za ta yi ƙara. "Baba, kin tashi lafiya? Kin ci abinci? Kin sha maganinki?" In ce na tashi lafiya, na ci, na sha. Maƙwabtana 'yan kasuwa suna ji, don a bayyane nake sa muryar, da gangan. Na kuma gaya musu tun ran farko, duk wanda ya kuskura ya gyara mata, ni da shi ne.